GIDAN TARAYYA A BABBAN BIRNI: DARASI DAGA ZURIK

Idan birni ya cika, ba matalauci kaɗai ke shan wuyar muhalli ba. Malamin makaranta da akawu da ma'aikacin asibiti su ma suna ciki, gama albashinsu ya fi ƙarfin a ba su taimako, amma bai kai sayen fili ba. Ga yadda mutanen Zurik, birni mafi girma a ƙasar Suwizalan, suka ɓullo wa al'amarin.

Magidanta sukan haɗu su kafa jam'iyyar gama kai. Kowa ya zuba hannun jari, su ranto sauran kuɗin, su gina bene mai sassa da yawa. Ginin na jam'iyya ne, watau mai haya shi ne kuma mai gida. Wata jam'iyya mai suna ABZ, wadda aka kafa a 1916, tana da sassa wajen 5,000.

Abubuwa uku ke kawo araha:

1. Fili. Sau da yawa hukumar birni ba ta sayar da filinta, sai ta ba jam'iyya haya ta shekaru masu yawa.

2. Kuɗin haya. Ana yanka shi daidai da abin da zai biya bashi da gyara, ba a ɗora riba.

3. Tarayya. Kowane iyali da sashensa, amma ɗakin wanki da masaukin baƙi da wurin wasan yara na kowa ne. A Kalkbreite, ginin da aka gama a 2014, mutum wajen 250 ke zaune a bisa rumfar da jiragen ƙasa na cikin gari ke kwana, tsakar gidansu kuwa a kan rufinta take.

A 2011 mutanen birnin suka jefa ƙuri'a cewa nan da 2050 sulusin gidajen haya su zama marasa neman riba.

Zaman tsakar gida ɗaya ba baƙo ba ne a wurinmu. Abin lura shi ne fili. Tun dokar 1978 filayen birane suna hannun Gwamna, amma ana jin shawarar hakimi. Saboda haka ya kamata hakimai su sa malamansu su rubuta kowane filin jama'a da ya rage cikin gari, kada a yanka shi fuloti-fuloti tun ba a duba wannan hanya ba. Filin da aka sayar yau, da wuya a sake samunsa gobe.