Laifi A Kan Jiki Da Laifi A Kan Dukiya

Malaman mazhabar Malikiyya, a littattafai irin su Risala da Muhtasar, sun rarrabe tsakanin ta'addancin da ya faɗa kan rai ko gaɓa da wanda ya faɗa kan dukiya. Penal Code na Jihar Arewa da ya fara aiki a 1960 shi ma ya ware wa kowannensu babi. Amma fa'idar rabon a Shari'a ita ce sanin wanda yake da ikon yafewa.

A misalta shanun makiyayi sun faɗa gonar shinkafa a fadamar Ambursa da dare, suka cinye. Gari ya waye, mai gona ya fusata, ya sari makiyayin a ka har ƙashi ya bayyana. Nan alƙali yana da shari'a biyu. Ɓarnar dabbobi da dare tana wuyan mai su, sai ya biya ƙimar amfanin da aka ci. Saran kuwa sunansa muliha. In da gangan ne akwai ƙisasi, in kuskure ne diyyarsa raƙuma 5 cikin 100 na cikakkiyar diyya. Asarar shinkafa ba ta halatta jini ba, ko da manomi ya ga shi aka fara zalunta.

Ƙisasi haƙƙin wanda aka raunata ne, ko magadan wanda aka kashe. Suna iya yafewa, ko su yi sulhu a kan dukiya. Duk da haka, mai kisan gangan da aka yafe wa ana yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara 1.

Sata ba haka take ba. In abin ya kai rubu'in dinari ko dirhami 3, kuma daga ma'ajiyarsa aka fitar da shi, kamar rumbu ko garke, to, da zarar magana ta kai ga alƙali afuwar mai kaya ba ta kawar da haddi, domin ya zama haƙƙin Allah. Mutane da yawa suna mamakin a yafe jini a kasa yafe akuya, alhali ba da tsadar abu ake auna wannan ba. Ƙwace a fili da cin amana babu yanke hannu cikinsu, sai mayarwa da horon da alƙali ya ga ya dace.

Fashi ya haɗa sassan biyu. Ɗan fashin da ya tare hanyar Argungu ya kashe matafiyi, kashe shi ake yi ko da magada sun yafe, domin amincin hanya ba nasu ba ne su kaɗai.