Kunun Yaro da Jiƙon Kaka

Kayan aikina a ranar awo ba su da yawa: sikeli, littafin rajista, da 'yar siririyar igiyar roba mai launi uku da muke zagaya wa dantsen yaro daga ɗan wata 6 zuwa ɗan shekara 5. Idan ta tsaya a kore, alhamdu lillahi. Idan ta tsaya a ruwan ɗorawa, wato tsakanin santimita 11.5 da 12.5, yaro ya fara zamewa. Idan kuwa ta faɗa ja, ƙasa da 11.5, tamowa ce mai tsanani, kuma ba a kwana da ita a gida ana jiran gobe. Akwai gwaji na biyu da kowace uwa za ta iya yi a ɗakinta. Ki danna babban yatsa a bayan ƙafafun yaro duka biyu, ki ƙirga uku, ki ɗaga. In wurin ya loma ya ƙi tasowa, wannan kumburi ne, kada wani ya ce miki ƙiba ce.

A ƙauyukan mazaɓar Ngojin da Alaraba, layin awo yana tsawo ne daga watan Yuli zuwa Satumba. Rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, uwa tana gona tun safe, sauro ya yi yawa, gudawa tana yawo gida-gida. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙasar nan ba ta rasa abinci ba. Duk ranar Laraba manyan motoci suna fita daga kasuwar shanu ta Potiskum, ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, cike da dabbobi zuwa kudu. Muna noma gero, dawa, wake, gyaɗa da riɗi. Zogale yana jikin danga, kuka tana bakin hanya. Duk da haka binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kuma da yawa daga cikin jihohin arewa, har da Yobe, sun zarce wannan adadi nesa ba kusa ba. Talauci gaskiya ne, ba na musunsa, ina ganinsa kullum. Amma na sha auna yaro ya faɗa ja alhali a gidansu akwai buhun wake da kaji suna kiwo a tsakar gida.

Yawanci daga kunu matsalar take farawa. Nakan tambayi uwa me yaro yake ci, ta ce, "Malama, yana shan kunu sosai, sau huɗu ma a rana." Sai in ce ta kwatanta mini kaurinsa. Tsararo ne, gasarar gero da ruwa, sai ɗan sukari in an samu. Cikin yaro ɗan wata 8 ƙarami ne, ɗan kofi guda ya cika shi. In aka cika shi da ruwa-ruwa, zai yi shiru kamar ya ƙoshi, amma jikinsa bai samu abin gini ba. Kunun yaro ya kamata ya yi kaurin da in kin karkata cokali ba zai zuba nan take ba.

Haɗin da muke koyarwa ba baƙo ba ne a Borno da Yobe, wasu sun san shi da sunan Tom Brown tun lokacin da ƙungiyoyin agaji suka yaɗa shi: awo 6 na gero ko dawa, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa. Da gwangwani kika auna ko da mudu, lissafin ɗaya ne. A tsince, a wanke, a shanya, a soya kowanne daban, sannan a haɗa a kai niƙa. Waken suya ne ke son kulawa. A jiƙa shi, a murje ɓawon, a soya shi har ƙarnin ya fita, domin ɗanyensa yana ɗauke da abin da ke hana ciki narkar da abincin gina jiki, shi ya sa wasu ke cewa yana kumbura wa yaro ciki. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a zubar da ita, kada a ce asara. Gubar da ke cikinta tana lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta. In an dama, a ɗiga cokali guda na man gyaɗa ko manja.

Sai mata su ce yaro ba ya iya haɗiye kunu mai kauri. A nan dabarar iyayenmu take shigowa, ta tsiro. A jiƙa gero, a rufe shi da tsumma mai laima har ya tsira, a shanya ya bushe ƙarau, a daka. Ɗan kaɗan daga garin nan, in aka barbaɗa a kunu mai kauri yana da ɗumi aka juya, cikin mintuna sai ya saki ya yi ruwa, ba tare da an ƙara ko ɗigon ruwa ba. Sai a mayar wuta ya ɗan tafasa. Yaro ya sha cikin sauƙi, ƙarfin abincin kuma yana nan yadda yake. Ranar da na fara nuna wannan a wani gida, wata tsohuwa ta yi dariya ta ce, "'Yar nan, ai wannan mun san shi kafin a haifi uwarki." Gaskiyarta. Sai dai jikokinta ba sa samu.

Ƙwai kuwa, har yau ana cewa yana koya wa yaro sata. Na lura masu faɗin haka ba sa ƙin kuɗinsa in an kai kasuwa. A sayar da ƙwai uku, a sayo taliyar leda da biskit, a ba yaro yana murna. In kaza ta yi biyar, a bar wa ƙaramin gida ko da ɗaya.

Zogale ya yi suna yanzu, har a birni ana sayar da garinsa cikin ƙwayoyi da tsada, ana cewa yana maganin cuta kaza da kaza. Ganyen zogale abinci ne mai kyau ƙwarai. Yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da mai ƙarfafa ƙashi, da bitamin A mai kare ido. Amfaninsa yana cikin a ci shi a kai a kai: a kwaɗo da ƙuli-ƙuli, a dambu, a miya, ko cokalin garinsa a kunun yaro bayan an sauke. Kuskuren da na fi gani a wurin shanya ne. Ana baza shi a rana tsaka har ya koma fari-fari, alhali rana tana cinye bitamin ɗin. A inuwa ake shanya ganye, inda iska ke shiga, ya bushe yana kore shar. Haka kuka, haka rama, haka yakuwa da tafasa. Kuma bitamin A ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, don haka kwaɗon da ba ƙuli ba mai ya rage daraja. Saiwar zogale da ɓawonsa kuwa wani abu ne daban, ba abinci ba ne, mai juna biyu ta nisance su.

Wancan bincike na 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na ƙananan yara da kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa suna fama da ƙarancin jini. Abu biyu a madafarmu suna da hannu a ciki. Shayi, in aka sha shi tare da abinci, yana riƙe sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye ya hana shi shiga jini, don haka a jinkirta shi kamar awa guda bayan cin abinci, yaro ƙarami kuwa ba shi da buƙatarsa sam. Abu mai tsami irin garin 'ya'yan kuka, lemun tsami ko ɗanyen tumatir yana yin akasin haka, yana taimaka wa jiki ya ɗauka. Kanwa kuma, da ake zambaɗawa don wake ya yi saurin nuna, tana kashe wasu bitamin. Jiƙa waken tun dare ya fi, itacen ma zai ragu.

Inda muke yawan samun saɓani da kakanni shi ne kan jariri. An haihu yau, kafin uwa ta farfaɗo an matse dakashi an zubar, wai ƙazanta ne, an ɗura wa jariri ruwa, an haɗa masa dauri. Wata rana na tambayi wata kaka abin da ke cikin jiƙon da take ba jikanta ɗan wata 2 mai gudawa. Ta lissafa mini itatuwa huɗu. Na ce, "Iya, nawa ake zubawa na kowanne?" Ta ce, "Gwargwadon yadda hannu ya ɗebo." Na ce, "To nawa yaro zai sha?" Ta ce, "Har sai ya ture." Ba mugunta ba ce, ƙauna ce, kuma da wannan hannun ta raini 'ya'ya da yawa. Amma hantar jariri da ƙodarsa ba su gama ƙwari ba, ruwan jiƙon ma sau da yawa daga rijiya yake kai tsaye. Dakashin nan mai ruwan ɗorawa cike yake da garkuwar da uwa ke miƙa wa ɗanta. Nonon uwa fiye da kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne, ya ishi jariri ko a zafin watan Afrilu na Potiskum, in dai ana ba shi duk lokacin da ya nema. Wata 6 cur, nono zalla. A 2018 kashi 29 cikin 100 kacal na jariran ƙasar nan ke samun haka. Zuma ma, duk da albarkarta, a jira yaro ya cika shekara, domin takan ɗauko ƙwayar cutar da hanjin jariri ba ya iya kashewa. Man darbejiya kuwa, likitoci a Indiya da Malesiya sun rubuta yadda ya sa jarirai jijjiga da suma bayan an ɗura musu.

Kada a ɗauka ina gaba da itatuwa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke bayarwa a asibiti yau daga ganye ya samo asali, ɗan uwan tazargade. Wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka tace shi a farkon shekarun 1970, ta karɓi kyautar Nobel a 2015. A Abuja ma cibiyar NIPRD ta fitar da Niprisan na masu cutar sikila daga haɗin gargajiya. Abin da aka ƙara a kan sanin magabata shi ne awo: nawa ke warkarwa, nawa ke cutarwa, wa zai sha, wa ba zai sha ba. Zoɓo misali an gwada shi, yana ɗan sauke hawan jini. Amma ba ya maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta, kuma zoɓon da aka narka wa sukari rabin kofi bai yi wa mai ciwon suga adalci ba.

Wanda nake tsoro shi ne mai mota da lasifika a ranar kasuwa, da jarka guda mai maganin basir, shawara, sanyi, taifot da ƙarfin maza gaba ɗaya. Wasu irin waɗannan haɗe-haɗe ana cakuɗa su da ƙwayoyin bature, masu kashe ciwo ko masu sa kumburin da ake ɗauka ƙiba ce. Ko kwalbar da ke da lambar NAFDAC mai ƙarewa da harafin L, ma'anarta an duba ba a ga cutarwa a gwajin da aka yi ba. Ba shaida ba ce cewa tana warkar da abin da aka rubuta a jikinta. Mu a Yobe ba sai an ba mu labarin ciwon ƙoda ba, mun ga abin da yake yi wa iyalai a Gashuwa da kewayenta, har gwamnatin jiha ta sa cibiyar BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe bincike a kai. Abin da aka daɗe da tabbatarwa shi ne jiƙon da ba awo da yawan shan ƙwayoyin ciwon jiki irin diclofenac suna gajiyar da ƙoda. In za ku zo asibiti, ku taho da kwalbar ko ƙullin da ake sha. Ba za mu yi faɗa ba, so muke mu san da me muke kokawa.

Maijego ma tana cikin lissafi, domin rijiya ba ta ba da ruwan da ba ta da shi. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun bi diddigin mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta abin da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta ya ƙara haska rawar da rama, talauci, hawan jinin masu ciki da ƙarancin sinadarin seleniyom ke takawa. Kanwa dangin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, don haka mai hawan jini ko kumburin ƙafa ta bar ta. Maigida, kuɗin itacen wanka na kwana 40 a rage wani abu a ciki a sayo hanta, kifi, wake da kindirmo. In ka ga matarka tana haki daga ɗaki zuwa madafa, ko ba ta iya kwanciya sai ta jingina, ko tana tari cikin dare, a nemi abin hawa a ranar.

Yaron da ya faɗa ja ana ba shi madarar tamowa, wadda kowace leda ke ɗauke da kalori kusan 500, kuma an ƙirga adadin ne daidai nauyinsa na mako guda. Magani ce. Ba ta yayyensa ba ce, ba ta shayin maigida ba ce, ba ta kasuwa ba ce. Tun da tallafin ƙasashen waje ya ragu a 2025 samunta ya ƙara wuya, kowace leda da ta ɓace wani yaro ne ya rasa. Mai gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari na leda tare da ƙwayar zinc har kwana 10, a ci gaba da ba shi nono da abinci. Wanda ya ƙi kama nono, ko yake amai da duk abin da ya shiga bakinsa, ko yake jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, a ajiye jiƙo a kawo shi, ko da tsakar dare ne.