Darasi: Abin da Fuska Ba Ta Faɗa

'Yan'uwa cikin Kristi, Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Akwai gaskiya a ciki, amma sau da yawa fuska takan rufe abin da zuciya take ɗauke da shi, har mai hikima ya ruɗe.

Mu dubi 1 Sama'ila sura 1. Hannatu ta je ɗakin Ubangiji a Shilo da baƙin cikin rashin haihuwa. Tana addu'a a zuci, leɓunanta suna motsi, ba a jin muryarta. Eli firist ya dube ta, ya ɗauka ta sha giya, har ya tsauta mata. Sai da ta yi bayani ya gane, ya sa mata albarka. Idan firist mai shekaru a hidimar Allah ya kasa karanta zuciya ɗaya, ina ga mu?

A zamaninmu ma haka ne. Duniya ta san Uwa Teresa ta Kalkata da murmushi da hidimar matalauta, har ta karɓi lambar Nobel ta zaman lafiya a 1979. Ta rasu a 1997. Da aka buga wasiƙunta a 2007, sai aka ga ta yi kusan shekara 50 cikin duhun ruhu, tana ji kamar Allah ya yi mata nisa. Sistocin da suka zauna da ita ba su sani ba, sai 'yan kaɗan da take neman shawararsu. Duk da haka ba ta bar addu'a ko aiki ba, kuma Paparoma Francis ya sanya ta cikin tsarkaka a 2016.

Me za mu koya? Na farko, mu yi jinkirin yanke hukunci. Matar da ta daina zuwa taron Zumuntar Mata, wataƙila ciwo ne ya hana ta, mu kuwa muna cewa girman kai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyu, mu riƙa ziyartar har waɗanda suke dariya, mu saurare su da haƙuri. Na uku, duk wanda ya buɗe mana cikinsa, mu riƙe asirinsa amana.

Allah kaɗai yake ganin zuciya. Bari ya koya mana tausayin juna. Amin.