Likitan Gashi: Mene Ne Aikinsa, a Ina Za a Same Shi?

Da yawa daga cikinku, idan wani ya sami shanyewar ɓarin jiki a ƙauye, kukan kawo shi Ankara wurin 'yan'uwa a Nima, Maamobi ko Kawukudi. A asibiti sai a daidaita hawan jininsa, a sallame shi, a ce ya riƙa zuwa gashi. A nan ne ake samun ruɗani.

Kalmar gashi ita ce ke ɓatar da mutane. Suna tsammani ruwan zafi ne da tsumma, sai su ce ai wannan a gida ma ma iya. Kada ku yi. Ɓarin da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi sosai, mutum zai ƙone bai sani ba. Na wanke irin wannan ƙuna fiye da yadda nake so.

Likitan gashi, wanda ma'aikata ke kira fisiyo, ba maɗori ba ne, ba kuma mai tausa ba. Makaranta ya yi. Jami'ar Gana tana horar da su a Korle Bu, kuma tun dokar 2013 sai mai lasisi ke da izinin yin aikin. A shanyewar ɓarin jiki, hannu da ƙafa ba su karye ba, ƙwaƙwalwa ce ta sami rauni. Aikinsa shi ne ya sake koya wa jiki abin da ya manta: juyawa a shimfiɗa, zama, tsayuwa, taku, riƙe cokali. Ƙwaƙwalwa tana koyo ta maimaici, kuma ta fi saurin koyo a watanni 3 zuwa 6 na farko. Wanda aka kwantar a ɗaki ana jiran ya yi ƙarfi tukuna, gaɓoɓinsa sukan sandare, yatsu su dunƙule. Miƙe su daga baya akwai wuya ƙwarai.

Yana kuma duba ciwon baya, gwiwa, wanda aka cire wa filasta, da yaron da ya makara wajen zama ko tafiya.

Ku fara daga asibitin Maamobi ko inda aka kwantar da mara lafiyar, ku roƙi takardar turawa. Akwai sashen gashi a asibitin sojoji na 37, ba nisa daga mahaɗar Kawukudi. Akwai a asibitin Ridge, akwai a Korle Bu. Ku riƙe katin inshorar lafiya, ku tambaya tun a bakin teburi abin da katin ya ɗauke. Mai bukatar ƙafar roba ko takalmin gyaran ƙafa, akwai cibiyarsu a Nsawam.

Wa zai raka shi? Wanda zai riƙa jinyarsa kullum, ba wanda ya sami sarari ran nan kawai ba. Zaman asibiti bai fi sa'a ɗaya ba, sauran aikin a gida yake. In kuna shirin komawa ƙauye, ku faɗa wa likitan tun da wuri, ya nuna muku motsin da hannunku, ku yi a gabansa ya gyara.

Kafin ranar ganinsa, ku riƙa juya mara lafiya kowane sa'a 2 don gudun gyambon kwanciya. Ku tallafe hannun da matashi. Kada ku ɗaga shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar takan goce. Maganin hawan jini kuma a ci gaba da sha, gashi ba ya maye gurbinsa.