Darasi na 14: Alƙali a Garwa

Garwa babban gari ne a bakin kogin Binuwai, a arewacin ƙasar Kamaru. Akwai Fulani da Hausawa da Fali da Barebari da sauran ƙabilu da yawa. Inda mutane suka taru haka, ba a rasa saɓani. Wani shanu sun shiga gonarsa ta auduga, wani ya ba da bashi an ƙi biyansa, wata kuma mijinta ya rasu, dangi sun hana ta gado. Duk waɗannan wurin alƙali suke nufa.

A zamanin da, alƙali yana cikin manyan fadar Lamiɗo. Tun sa'ad da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, garuruwan Adamawa suka riƙa yin shari'a bisa mazhabar Malikiyya. Ba a zama alƙali dare ɗaya. Yaro yakan fara da allo har ya sauke Alƙur'ani. Daga nan sai ya shiga littattafan fiƙihu, kamar Risala da Muhtasar. Wani yakan bar garinsu ya tafi Yola ko wani gari mai nisa neman ilmi, ya yi shekaru bai ga iyayensa ba. In ya dawo, sai ya zauna kusa da wani tsohon alƙali yana rubuta masa shari'a, yana kallon yadda ake yi. Sau da yawa sai furfura ta fara fito masa kafin a naɗa shi.

Ga yadda zaman yake. Mai ƙara shi ke fara magana, wanda aka yi ƙara ya yi shiru har ya gama. Sannan shi ma a ba shi dama. Mai ƙara ne zai kawo shaidu. In ba shi da su, sai a ba wanda ya musa rantsuwa. Mutane suna tsoron rantsuwar nan ƙwarai, har wani yakan gwammace ya biya da ya rantse a kan ƙarya.

A 1901 Jamusawa suka ci Garwa. A 1915 sojojin Faransa da na Ingila suka ƙwace ta daga hannunsu, daga baya ta zama ƙarƙashin Faransa. Turawa suka kawo nasu kotuna da nasu dokoki da Faransanci. Kamaru ta sami 'yancin kai ran 1 ga Janairu 1960, shugabanta na farko kuwa, Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa ne. Daga 1961 zuwa 1972 ƙasar ta yi mulkin tarayya, har da Kotun Tarayya a Yawunde. Da aka soke tarayya a 1972, sai Kotun Ƙoli ta zama ita ce babba a ƙasar duka.

Yaron da ke son zama alƙalin gwamnati, hanyarsa daban ce, amma ita ma doguwa ce. Zai gama firamare da sakandare, ya karanta shari'a a jami'a, kamar ta Ngaundere. Sannan ya zauna jarrabawar shiga makarantar ENAM a Yawunde. Masu nema suna da yawa, waɗanda ake ɗauka kaɗan ne. Wanda ya ci zai yi shekara biyu yana koyon aiki, ya yi rantsuwa, Shugaban Ƙasa ya naɗa shi. 'Yan mata ma suna bin wannan hanya, akwai alƙalai mata a kotunan Kamaru.

Alƙali ba ya zaɓen garin da zai zauna. Bana yana Marwa, bayan 'yan shekaru a mai da shi kudu, inda bai san kowa ba, bai kuma jin harshensu. Shi ya sa ake ajiye tafinta a kotu, domin da yawa daga masu zuwa ba su jin Faransanci.

Ba a watsar da al'adar mutane ba. Wata doka ta 1969 ta tsara kotunan da ke duba aure da saki da gado bisa al'ada. A irin wannan kotu, dattawa masana al'ada suna zama tare da shugaban kotu suna ba shi shawara. Amma in wanda aka yi ƙara ya ce tun farko bai yarda ba, sai a kai maganar kotun zamani.

A ce matar nan da aka hana gado ta zo da marayunta uku. Ba ta da kuɗi, ba ta da lauya. Ƙanen mijin kuwa attajiri ne, har ya aiko wa alƙali da rago da dare. In alƙali ya karɓa, ya ci hanci, marayu sun rasa gida, shi kuma ya karya rantsuwarsa. Alƙalin kirki zai mai da ragon, da safe ya saurari kowa, ya tambayi shaidu ɗaya bayan ɗaya, ya duba abin da doka ta ce. Magatakarda yana rubuta kome. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Arewa, wadda ke nan cikin Garwa. In har yanzu bai yarda ba, sai Yawunde.

Sababbin kalmomi
alƙali: le juge
shaida: le témoin
tafinta: l'interprète
magatakarda: le greffier
gado: l'héritage

Tambayoyi
1. Me yaro yake karantawa a da kafin ya zama alƙali?
2. Wa ake ba rantsuwa in babu shaidu?
3. Daga wace shekara zuwa wace Kamaru ta yi mulkin tarayya?
4. Don me ake ajiye tafinta a kotu?
5. Ku tambayi wani dattijo a unguwarku yadda ake sasanta manomi da makiyayi, ku rubuta layi biyar a kai.