Darasi daga Dajin Sunt: Bishiyar Bakin Kogi Mai Gadin Ruwa Ce

Jama'a, darasinmu na wannan fitowa a kan wani daji ne da da yawa daga cikinmu suka sani, musamman waɗanda yaƙi ya koro daga Khartum tun watan Afrilu na 2023. Shi ne Dajin Sunt, wanda ke gaɓar Farin Nil, dab da Mugran, inda Farin Nil da Shuɗin Nil suke haɗuwa. Sunt ita ce bagaruwa da Hausa, 'ya'yanta kuwa su ne ake kira garad a kasuwa, waɗanda majema ke jima da su.

Tun 1939 aka keɓe wannan daji ya zama mafakar tsuntsaye. Kafin yaƙin, iyalai kan je can ranar Juma'a da lokacin salla, su shimfiɗa tabarma a inuwa, su sha shayi, yara su yi wasa. A wancan lokacin, ɗalibai ma kan je nazarin tsuntsayen da ke sauka can daga Turai lokacin sanyi. A wannan yanki na Mugran akwai ɗaya daga cikin tsofaffin tashoshin tace ruwan sha na birnin, wadda ke ɗibar ruwan kogi ta tsabtace shi ta tura gidaje.

Me ya haɗa daji da ruwan sha? Bagaruwa tana jure ambaliya, tana iya yin watanni da gindinta cikin ruwa ba ta mutu ba. Saiwoyinta suna riƙe gaɓar kogi kada ta zaizaye. Idan ruwa ya shiga tsakanin itatuwa, sai gudunsa ya ragu, laka ta kwanta. Idan aka sare su, ƙasar gaɓa takan zube cikin kogi, ruwa ya ƙara gurɓacewa. Ruwa mai laka kuwa yana da wuyar tsabtacewa, domin laka tana rage ƙarfin kulorin, maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta.

Mun ga abin da rashin ruwa mai tsabta ke jawowa. Da tashar ruwa ta Bahri ta tsaya a farkon yaƙin, mutane suka koma ɗibar ruwa kai tsaye daga kogi. A watan Satumba na 2023 kuma aka ba da sanarwar ɓarkewar kwalara a nan jihar Gadarif.

Mu a Mafaza, kogin Rahad ne jigonmu. Yana cika da damina, da rani ya ja baya ya bar kududdufai. Bagaruwar da ke gaɓarsa irin aikin Dajin Sunt take yi mana, mu da mutanen garin da suka karɓe mu. Mun san buƙatar itacen girki ba wasa ba ce, ga tsadar gawayi, ga yara na jiran abinci. Amma itacen da gatari ya kayar cikin sa'a guda, sai an yi shekaru kafin wani ya maye gurbinsa.

Ga abin da za mu iya yi:

1. Mu tsinci busassun rassa, mu bar ɗanyen itace, musamman na bakin ruwa. Mata da 'yan mata su fita a ƙungiya, da rana.

2. Mu gina murhun laka mai tattalin itace, mu jiƙa wake tun dare, mu rufe tukunya.

3. Masai ya kasance aƙalla mita 30 daga rijiya, hafir ko kogi.

4. Idan ruwa na da laka, mu bar shi ya kwanta, mu tace da tsabtataccen ƙyalle, mu sa kulorin yadda ma'aikatan lafiya suka nuna, sannan mu jira minti 30 kafin a sha.

5. Mu tara irin bagaruwa. Ɓawonsa na da tauri, don haka a zuba masa ruwan zafi, a bar shi ya kwana, sannan a shuka a farkon damina, bayan an nemi izinin masu ƙasa.

Baƙo na gari yakan bar inuwa a inda ya zauna. Allah ya kawo zaman lafiya, ya mai da kowa gida lafiya.