Daƙiƙa Ɗaya a Cikin Iska: Simone Biles da Kimiyyar Alkafura

Daga cikin wasannin da ake yi a gasar Olamfik, da wuya a sami wanda dokokin kimiyyar fizik suka fito fili a cikinsa kamar wasan alkafura da lanƙwasa jiki, wanda ake kira jimnastik. A ɓangaren mata, abubuwa huɗu ne ake gwada gwaninta a kansu. Akwai teburin tsallake, wanda bisansa daga ƙasa santimita 125 ne, 'yar wasa kan sheƙo da gudu daga nisan da bai wuce mita 25 ba, ta dafa shi ta tashi sama. Akwai sanduna biyu da ake lilo a kansu, ɗaya ta fi ɗaya bisa. Akwai gungume mai tsawon mita 5, wanda faɗinsa santimita 10 ne kacal, da ƙyar ya ɗauki tafin ƙafa. Na huɗu shi ne dandamali mai mita 12 a kowane gefe. Wadda ta fi kowa maki idan aka haɗa huɗun, ita ake ba kambun gwanar gwanaye.

Simone Biles ta ƙasar Amurka ta ci wannan kambu sau 6 a gasar duniya, sau 2 a Olamfik. Amma abin da ya sa rayuwarta ta dace da shafukan kimiyya ya wuce yawan lambobin yabo. A jikinta ne aka ga iyakar abin da ɗan Adam zai iya yi cikin daƙiƙa ɗaya a iska, a jikinta kuma aka ga abin da ke faruwa ranar da ƙwaƙwalwa ta kasa bin sawun gaɓɓai.

Tasowarta

An haife ta a ranar 14 ga Maris 1997 a birnin Kolombus na jihar Ohayo. Mahaifiyarta ta yi fama da shaye-shaye har ta kasa riƙon 'ya'yanta, saboda haka Simone ta zauna a hannun masu riƙo na ɗan lokaci, kafin kakanta Ron Biles da matarsa Nellie su ɗauke ta tare da ƙanwarta, su rene su a jihar Teksas. Tana da shekara 6 aka kai su yawon buɗe ido wani ɗakin jimnastik daga gidan renon yara, masu koyarwa suka ga yadda take kwaikwayon manyan 'yan wasa, suka ba da shawarar a sa ta. Tun tana shekara 8 take hannun mai horarwa Aimee Boorman, wadda ta riƙe ta har zuwa 2016.

Dokar da ta fara aiki a 1997 ta ce sai yarinya ta kai shekara 16 a cikin shekarar gasa za ta shiga sahun manya. Wannan ya hana ta zuwa Olamfik ta Landan a 2012. Shekara ɗaya bayan haka ta ci kambun duniya a Antwap ta ƙasar Beljiyam, ta maimaita a 2014 da 2015. A Olamfik ta Riyo, a 2016, ta kwashi zinare 4 da tagulla 1.

Wani sauyi da aka yi tun tana ƙarama ya share mata fage. A da, ƙarshen maki 10 ne, irin wanda Nadia Comaneci ta Romaniya ta samu a Mantiriyal a 1976. Daga 2006 aka raba makin gida biyu: na tsabtar aiki, wanda ake fara lissafinsa daga 10 ana ragewa, da na wuyar aiki, wanda ba shi da rufi. Ke nan wadda ta iya abin da ya gagari saura, tana gaba da su tun kafin a fara.

Jarin juyi

Muddin ƙafar 'yar wasa ta bar ƙasa, abubuwa biyu sun riga sun yanke, ba ta da ikon sauya su. Na farko shi ne tsawon lokacin da za ta yi a sama. Ƙasa tana janyo kowane abu da ke faɗowa, tana ƙara masa gudun mita 9.8 a cikin kowace daƙiƙa. Idan aka buga lissafi, wadda ke son yin daƙiƙa ɗaya cur a iska, rabi tana hawa rabi tana saukowa, sai cibiyar nauyin jikinta ta ɗaga da kimanin mita 1.2, kuma za ta dawo ƙasa da gudun da ya kusa kilomita 18 a awa. Manyan tsalle-tsallen jimnastik duk a kewayen wannan daƙiƙa ɗaya suke.

Na biyu shi ne abin da za a iya kira jarin juyi. Adadin juyin da ta ɗebo lokacin da ta tunkuɗi ƙasa, shi ne jarinta har ta sauka. Ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, domin babu abin da za ta dafa a sama. Abin da ke hannunta shi ne yadda za ta juya wannan jari. Idan ta dunƙule jiki, ta kawo gwiwoyi ƙirji, nauyinta ya matso kusa da cibiya, sai juyin ya yi sauri, har ya kai kusan ninki uku na wadda ta miƙe sambal. Idan ta buɗe jiki, sai ya lafa. Mai karatu zai iya gwada wannan a kan kujerar ofis mai juyawa: a juya shi hannuwansa a buɗe, sa'an nan ya naɗe su a ƙirji, zai ji kujerar ta ƙara wuta ba tare da kowa ya taɓa ta ba.

A nan ne gajartar Biles ta zama mata dukiya. Tsawonta mita 1.42 ne. Wuyar juya jiki tana ƙaruwa ne da nauyi, tana kuma ƙaruwa da nisan gaɓɓai daga cibiya ninki a kan ninki, watau idan nisan ya ninka sau biyu, wuyar ta ninka sau huɗu. Gajeren jiki mai tsoka yana samun riba ta fuska biyu: ƙarfin tashi sama, da sauƙin juyawa. Sai dai gajeru suna da yawa a wannan wasa, kuma babu wadda ta yi abin da ta yi, saboda haka kada a ɗora wa halitta abin da shekarun horo suka gina.

Juyi iri biyu ne. Akwai alkafura, inda kai ke komawa ƙasa ƙafafu su yi sama. Akwai kuma juyin katantanwa, inda jiki ke murɗawa a kan tsayinsa. Abin sha'awa shi ne, ana iya samar da na biyu daga na farko a tsakiyar iska. Idan mai alkafura ta sauke hannu ɗaya ta bar ɗayan a sama, jikinta zai ɗan karkace, wannan karkacewa kuma ita ke karkatar da wani kaso na jarin zuwa juyin katantanwa. Idan tana son tsayar da shi, sai ta daidaita hannuwan. A 2019 Biles ta yi alkafura biyu haɗe da juyin katantanwa uku a tsalle guda a kan dandamali, abin da babu macen da ta taɓa yi a gasa kafin ita. A al'adar wasan, wadda ta fara yin sabon salo a babbar gasa ana sa masa sunanta. Salo 5 ne ke ɗauke da sunan Biles: biyu a dandamali, biyu a teburin tsallake, ɗaya a gungume.

Idon da ke cikin kunne

Juyi biyar cikin kimanin daƙiƙa ɗaya ya fi ƙarfin tunani. Babu lokacin da mutum zai ce wa kansa yanzu sauke hannu, yanzu buɗe jiki. Me ke gaya wa 'yar wasa inda ƙasa take?

Masu kawo labari uku ne. Ido yana ƙyallo rufin ɗaki da tabarmar sauka a yayin wucewa. Can cikin kowane kunne akwai ƙananan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, kowanne yana fuskantar ɓangare dabam. Idan kai ya juya, ruwan yakan yi nawa wajen bin sa, ya tanƙwara wasu 'yan gasu masu laushi, su kuma su aika saƙo. Na uku su ne jijiyoyin da ke cikin tsoka da gaɓɓai, waɗanda ke sa mutum ya san inda hannunsa yake ko da idonsa a rufe. Ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya tana cikin manyan masu haɗa waɗannan saƙonni, tana gwada su da abin da jiki ya saba. Maimaita salo sau dubbai shi ke mayar da shi kamar tafiya ko haɗiyar yawu, ya riƙa gudana ba tare da an tsaya tunaninsa ba.

Wani lokaci wannan tsari yakan warware. 'Yar wasa ta tashi sama, sai ta rasa adadin juyin da ta yi, ko jiki ya murɗa inda ba a nufa ba, ko ya ƙi murɗawa inda ake so. 'Yan jimnastik suna kiran wannan lalura twisties da Ingilishi. Masu alkafura cikin ruwa sun san irinta, haka ma matuƙan jirgin sama sun san ruɗewar da kan sa mutum ya kasa bambance sama da ƙasa a cikin gajimare. An lura cewa damuwa da matsin zuciya suna da hannu a ciki, domin mai fargaba yakan koma sa ido a kan motsin da ya kamata ya bari ya gudana da kansa, sai ya dagula shi.

Tokiyo

A ranar 27 ga Yuli 2021, a wasan ƙarshe na ƙungiyoyi a Olamfik ta Tokiyo, Biles ta nufi yin juyin katantanwa biyu da rabi daga teburin tsallake. Ɗaya da rabi ta yi, ta ɓace a iska, ta sauko a durƙushe da ƙyar. Ta fita daga fili ta dawo ta ce ba za ta ci gaba ba. Abokan wasanta uku suka ƙarasa, Amurka ta sami azurfa a bayan 'yan Rasha. Daga nan ta janye daga gasar gwanar gwanaye, wadda Sunisa Lee ta ci, da wasu wasannin ƙarshe guda uku.

Kayan da ta zo da shi a ka ba ƙarami ba ne. Annobar korona ta ɗage gasar da shekara guda, ta hana 'yan kallo da iyaye shiga. A Janairun 2018 kuma ta riga ta bayyana cewa tana cikin ɗaruruwan 'yan mata da likitan tawagar Amurka, Larry Nassar, ya ci zarafinsu da sunan magani, wanda kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175 a wannan wata.

An yi mata ca, wasu suka kira ta matsoraciya. Masu wannan magana ba su yi lissafin sauka ba. Ɗan ƙwallon da hankalinsa ya rabu, ƙwallo zai ɓarar. 'Yar jimnastik da ta buɗe jiki kafin lokaci da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, a kan wuyanta za ta sauka, da ƙarfin da ya ninka nauyinta sau da yawa. Tarihin wasan yana da shaidu. Elena Mukhina ta Tarayyar Sobiyet, gwanar duniya ta 1978, an matsa mata komawa horo kafin karayar ƙafarta ta warke sosai. A Yulin 1980, ana saura kimanin mako biyu a buɗe Olamfik ta Mosko, ta faɗi a kan haɓarta, lakarta ta lalace, ta rayu a shanye har rasuwarta a 2006. Julissa Gomez ta Amurka ta karya wuya a tsallake a nan birnin Tokiyo a 1988, ta rasu a 1991. Dukansu biyu an san suna fama da salon da ya jikkata su tun kafin ranar.

Maganin da masu horarwa suka sani shi ne komawa baya. Biles ta riƙa zuwa ɗakin motsa jiki na Jami'ar Juntendo a ɓoye, tana maimaita ƙananan salo a kan katifu masu taushi. A ranar 3 ga Agusta ta hau gungume. Ta cire saukar da ke da juyin katantanwa, ta maye gurbinta da alkafura biyu zalla, wadda ta fi ƙarancin maki amma ba ta buƙatar murɗa jiki. Ta sami tagulla. A watan Satumba na wannan shekara ta tsaya gaban kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ta ba da shaida kan yadda hukumomi suka yi sakaci da ƙorafin 'yan wasa game da Nassar.

Dawowa

Shekara biyu ta yi ba ta shiga gasa ba, tana ganin likitan halayyar ɗan Adam, tana sake gina salonta daga tushe a hannun Laurent Landi da matarsa Cecile, waɗanda suka karɓi horar da ita tun 2017. Ta dawo a Agustan 2023. A gasar duniya ta wannan shekara, a Antwap inda ta fara cin kambu shekara goma da suka wuce, ta yi tsallaken da ya fi kowanne wuya a littafin mata: ta tako allon tashi da baya, ta dafa teburi da hannu, ta yi alkafura biyu ƙafafu a miƙe, jiki a naɗe daga ƙugu. Wannan naɗi bai kai dunƙulewa saurin juyi ba, don haka yana buƙatar jari mai yawa da tashi mai nisa, kuma idan jarin ya gaza, kai ne ke fara isa ƙasa. An ba shi makin wuya 6.4. Mai horar da ita ya tsaya a gefen tabarma don ya tare ta idan abu ya ɓaci, ko da yake doka ta sa an zabtare mata rabin maki saboda tsayuwarsa. Da saninta ta sayi wannan kariya.

A Olamfik ta Faris, a 2024, ta ci zinare 3, na ƙungiya da na gwanar gwanaye da na tsallake, ta kuma sami azurfa a dandamali a bayan Rebeca Andrade ta Birazil. Tana da shekara 27 a lokacin, a wasan da aka daɗe ana ɗauka na 'yan mata ƙanana ne. Rabon da mace mai shekaru irin nata ta ci wannan kambu tun Maria Gorokhovskaya a 1952. Da aka rufe gasar, lambobinta na Olamfik sun kai 11, 7 daga ciki na zinare, ga kuma 30 na gasar duniya, waɗanda 23 daga cikinsu zinare ne.